Ranar Sa Hannu Daban, Ranar Wasa Daban: Jake O'Brien a Bakin Magoya Baya

   

Yau maganar mai tsaron baya za mu yi. Na san wasu za su ce, a bar masu cin ƙwallo a kama 'yan baya? Ku ɗan yi haƙuri da ni. Akwai wani matashi ɗan ƙasar Ireland, sunansa Jake O'Brien, da ya koma ƙungiyar Everton ta Ingila a ƙarshen watan Yulin 2024. Abin da magoya baya suka faɗa a kansa, da yadda bakinsu ya yi ta juyawa cikin wata shida, shi ne abin da nake so mu duba tare.

Maganata guda ce, kuma zan yi ta maimaita ta. Mai tsaron baya ba a gane shi ranar da ya sa hannu. Sai an ga wane koci ya samu, da inda aka tsayar da shi, da wanda ke kusa da shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, bari mu fara da waye shi.

Jake O'Brien ɗan garin Youghal ne, wani ƙaramin gari a bakin teku, a yankin Cork da ke kudancin Ireland. An haife shi a 2001. Dogo ne sosai, saura kaɗan ya kai mita 2. Ya fara da ƙungiyar Cork City. Daga nan Crystal Palace ta Landan ta ɗauke shi a 2021. Amma bai taɓa buga wa babbar tawagarta wasan Firimiya ba. Aro aka riƙa ba da shi. Ya je Swindon, can ƙasa a rukuni na huɗu na Ingila. Ya je Molenbeek a Beljiyam, inda suka lashe gasar rukuni na biyu. A 2023 sai Lyon ta Faransa ta saye shi da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

A Lyon ne tauraronsa ya fara haske. Kuma ku lura da lokacin. Ƙungiyar tana can ƙasan teburi, ana ta maganar za ta faɗa gasar 'yan dagaji. Aka ba Pierre Sage ragama, suka farfaɗo, suka gama kakar a mataki na shida. Suka kai wasan ƙarshe na Kofin Faransa a watan Mayun 2024. Paris Saint-Germain ta doke su da ci 2 da 1, a wasan da Kylian Mbappé ya yi mata na bankwana. Wannan ƙwallo ɗaya ta Lyon, O'Brien ne ya ci ta, da ka. Ba a yi mako biyu ba ya fara buga wa babbar tawagar Ireland, a wasan sada zumunta da Hungary.

Shi ne yaron da Everton ta biya kusan fam miliyan 17 a kansa.

Yanzu mu shiga bakin magoya baya. Me aka ce a ranar?

Wasu murna suka yi. Sun shiga YouTube sun ga 'yan gajerun bidiyo. Ga dogo yana tashi sama yana cin ƙwallo da ka. Ga shi yana gudu kamar ba mai wannan jiki ba. Suka ce an yi sayayya.

Wasu kuma gabansu ne ya faɗi. Dalili? A wannan bazarar Manchester United tana zawarcin Jarrad Branthwaite, matashin ɗan bayan da magoya bayan Everton ke ji da shi. Ta kai tayi, Everton ta ƙi. To da aka ga an kawo wani dogon ɗan baya, sai mutane suka fara lissafi. Suka ce ai wannan magaji aka kawo, Branthwaite tafiya zai yi. Kun ga waɗannan ba O'Brien suke kallo ba sam. Ƙofar fita suke kallo. Kuma kada mu ga laifinsu. Ƙungiyar da aka zaftare wa maki har sau biyu a kakar da ta gabata saboda karya dokar kashe kuɗi, magoya bayanta sun saba ganin ana sayar da na kirki.

Akwai kuma na uku, 'yan taɓe baki. Su cewa suke, wanda Crystal Palace ba ta ga abin sakawa a jikinsa ba, shi za a saya da wannan kuɗi? Kaka ɗaya a Faransa ita ce hujja? Ai gasar Faransa ba Firimiya ba ce.

A can Ireland kuwa, damuwarsu dabam. Su ba ruwansu da teburin Everton. Tambayarsu ita ce, yaron nan zai samu wasa kuwa? A Lyon yana bugawa kowane mako. Ya bar wannan ya zo inda James Tarkowski da Branthwaite suka riga suka kafa kujera. In ya zauna a benci, tawagar ƙasa ce za ta yi asara.

Kun ji ra'ayoyi kala-kala. Duk an faɗe su tun yaron bai taɓa ƙwallo da rigar Everton ba.

To, sai me ya faru? A nan nake so mu ɗan jima.

Kaka ta fara, Branthwaite yana jinya. Kowa ya ɗauka dama ta samu. Amma kocin lokacin, Sean Dyche, sai ya zaɓi Michael Keane, tsohon hannu da ya sani tun suna Burnley. O'Brien ya zauna a benci. Everton ta sha kashi a wasanni huɗun farko na gasar. Wanda ya fi ƙona rai shi ne na Bournemouth, a gida, a Goodison Park. Everton tana gaba da ci 2 da nema, saura mintoci ƙalilan a tashi. Mutane har sun fara tunanin hanyar gida. Kafin a ce kwabo, Bournemouth ta zura uku. Aka tashi 3 da 2. Wasan da ya biyo baya, a gidan Aston Villa, haka aka sake yi. Sun ci biyu, aka rama, aka ƙara musu ɗaya.

Ku yi tunanin mai goyon bayan da ya sayi tikiti da guminsa. Yana kallon bayan ƙungiyarsa na yoyo. Ya waiga benci, ga ɗan baya na fam miliyan 17 zaune ya naɗe hannu cikin rigar sanyi. Me kuke so ya ce?

Daga nan baki ya rabu biyu. Ɓangare ɗaya suka ce laifin koci ne, mutum ne mai taurin kai, ba ya yarda da yara. Ɗaya ɓangaren suka ce a'a, koci yana ganin yaron kullum a atisaye, tunda bai saka shi ba, to akwai abin da ya gani. Wasu har sun yanke hukunci. An yi asarar kuɗi, a ba da shi aro a watan Janairu a huta.

Zan yi wa Dyche adalci a nan. Da Branthwaite ya warke, bayan Everton ya gyaru. A watan Disamba sun je gidan Arsenal an tashi babu ci. Sun yi canjaras da Chelsea, sun yi da Manchester City. Kocin da bayansa ke hana irin waɗannan ƙungiyoyi cin ƙwallo yana da hujjar cewa ba zai taɓa tsarinsa ba. Ciwon Everton a lokacin a gaba yake, ba sa cin ƙwallo. Amma duk da haka, har Dyche ya bar aiki, bai taɓa fara wasan Firimiya da O'Brien ba. Ko sau ɗaya.

Masu sauraro, ga inda labarin ya juya.

A watan Janairun 2025 aka sallami Dyche. Aka dawo da David Moyes, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 2002 zuwa 2013. A wasansa na biyu, da Tottenham, Moyes ya saka O'Brien tun daga farko. Amma ba a tsakiyar baya ba. A gefen dama ya tsayar da shi, wato lamba biyu. Everton ta ci 3 da 2.

Ku dubi dabarar. Tsakiya a cike take, ga Tarkowski ga Branthwaite. Gefen dama kuwa babu mai shi tsayayye. Seamus Coleman rauni ya dame shi. Ashley Young ya kusa shekara arba'in. Sai Moyes ya ɗauki dogon yaron ya toshe gurbin da shi. In ƙwallo tana ƙafar Everton, na gefen hagu ya haura gaba, O'Brien ya matso ciki su zama uku a baya. In an yi bugun kusurwa, ga dogaye uku a gaban raga. Everton ta jera wasanni ba a doke ta ba. O'Brien ya farke musu ƙwallo a gidan Brentford aka tashi kunnen doki. Ya sake farkewa a wasansu da West Ham ana dab da tashi. Ƙungiyar da ake wa fargabar faɗuwa ta gama kakar a mataki na 13, ta yi bankwana da Goodison Park hankali kwance.

Sai baki ya sake juyawa. Masu cewa an yi asara suka yi tsit. Wasunsu ma suka koma cewa ai tun farko sun faɗa. Haka muke, mu 'yan kallo. Mantuwarmu tana da sauri.

Amma tambayata ita ce, me ya canza? Yaron dai shi ne. Tsawonsa bai ƙaru ba. Ƙafarsa ita ce ta watan Agusta. Koci ne ya canza, wurin tsayuwa ya canza. Shi ya sa na ce muku, mai tsaron baya ba a gane shi ranar da ya sa hannu.

Kafin mu wuce, ga wani abu da zai ba ku sha'awa. Ɗan wasan farko da Moyes ya kawo Everton a 2002 namu ne, Joseph Yobo. Shi ma ɗan baya. Shi ma daga Faransa ya zo, daga Marseille. Ya yi shekaru yana riƙe musu baya. Tsofaffin 'yan kallo da suka ga zamanin Yobo da Yakubu Aiyegbeni, ko ma na Daniel Amokachi kafin su, sun san Everton ba baƙuwarmu ba ce.

To, wani zai ce, malam, misali ɗaya ka kawo. Gaskiya ne. Bari in ƙara, kuma duk daga Ireland.

Shi Seamus Coleman ɗin da na ambata, Moyes ne ya saye shi a 2009 daga Sligo Rovers. Nawa? Fam dubu 60. Kuɗin da wasu 'yan wasa ke karɓa cikin kwana biyu ko uku a yau. Ranar da ya zo babu wanda ya tsaya musu a kansa, don babu wanda ya san shi. Wasansa na farko a gidan Benfica ne, aka tsayar da shi a gefen hagu inda ba wurinsa ba, aka yi musu 5 da nema. Wanda ya yanke masa hukunci a wannan dare zai ce yaron ba zai kai labari ba. Ya zama kyaftin. Ya zama wanda ya fi kowa buga wa Everton wasannin Firimiya. Har farashin nasa magoya baya suka mayar waƙa suna rerawa a filin wasa.

Yanzu mu juya tsabar, don abin yakan zo a akasin haka.

A 2020 Shane Duffy ya tafi Celtic aro daga Brighton. Ɗan Derry ne, kuma tun yana yaro Celtic yake goyon baya. Ƙungiyar tana neman lashe gasar Scotland karo na goma a jere, abin da ba a taɓa yi ba. Magoya baya suka yi ta murna. Namu ya zo gida, ga ƙarfi, ga zuciya, ga ƙwarewar Firimiya. Wasansa na farko ma ya ci ƙwallo. Amma a Brighton, aikinsa shi ne ya tsaya kusa da ragarsa yana kore duk abin da aka cillo da ka. A Celtic kuwa 'yan baya har tsakiyar fili suke hawa, su bar sarari a bayansu. Wannan ba wasan Duffy ba ne. Ga shi bai daɗe da rasa mahaifinsa ba. Ga annobar korona, filaye babu 'yan kallo, mutum yana zaune a baƙon gari shi kaɗai. Kakar ta lalace. Rangers ta Steven Gerrard ta ɗauke kofin, da 'yan Najeriya biyu a cikinta, Leon Balogun da Joe Aribo. Bakin da ya yi wa Duffy maraba shi ne ya koma yi masa ruwan zagi a shafukan sada zumunta. Soyayyar da yake wa rigar ba ta ƙara masa gudu ba.

A 2020 ɗin dai Matt Doherty ya bar Wolves ya koma Tottenham. Ku ji abin da ya fara damun magoya baya. Wasu tsofaffin rubuce-rubucensa ne a Twitter, inda ya nuna yana son Arsenal, babbar abokiyar gabar Tottenham. Har ƙungiyar ta yi bidiyon raha yana goge su. An sha dariya. Amma tambayar da ta fi muhimmanci kaɗan ne suka yi ta. A Wolves, da 'yan baya uku a bayansa yake wasa, shi kuma ya yi ta kai hari. A Tottenham kuwa, José Mourinho ya saka shi cikin 'yan baya huɗu. Ya sha wahala. Sai da Antonio Conte ya zo da tsarin mutum uku aka fara ganin Doherty na Wolves, sannan rauni a gwiwa ya katse shi.

Kun ga zaren? Koci, da wurin tsayuwa, da wanda ke kusa da kai.

Me ya sa abin ya fi tsanani a kan ɗan baya? Saboda aikinsa ba ya fita a gajeren bidiyo. Ɗan gaba in ya ci ƙwallo kowa ya gani. Ɗan baya kuwa, mafi kyawun aikinsa shi ne ya matsa taku biyu kafin a bugo ƙwallon, har mai bugowar ya fasa. Wa zai yanko wannan ya saka a waya? Aikinsa kamar na mai gadin kasuwa ne, daren da ba a yi sata ba babu mai tuna sunansa. Kuma ba shi kaɗai yake yi ba. Sai ya san lokacin da abokinsa zai fita tarar ɗan wasa, shi ya rufe masa baya. Sai ya san muryar mai tsaron ragarsa. Wannan sabo ne, kuma sabo yana cin watanni.

Kada ku fahimce ni ba daidai ba. Ban ce magoya baya su yi shiru ba. Ina daɗin ƙwallo in babu musu? Mu nan da muke cika gidajen kallo ranar Asabar, rabin abin da ke kai mu musun ne. Kuma a maganar O'Brien, waɗanda suka yi ta kiran a saka shi sun fi Dyche gaskiya. Wannan a rubuta musu. Abin da nake ƙi shi ne hukuncin ranar farko, wanda ake ginawa kan farashi, ko kan sunan ƙungiyar da mutum ya baro, ko kan tutar ƙasarsa.

Maganar tuta kuwa tana da nauyi a nan. A Ingila akwai hoton da aka daɗe da zana wa ɗan bayan Ireland. Wai mai ƙarfi ne, mai zuciya, zai sa kansa inda wani ba zai sa ƙafa ba, amma kada ka nemi gwaninta a wurinsa. Da wannan ido wasu suka kalli O'Brien, alhali a Faransa an san shi da iya fita da ƙwallo daga baya. Mu 'yan Afirka mun san irin wannan hoto. Sau nawa aka yabi ɗan wasanmu da ƙarfi da gudu, aka manta da kansa?

Wanda ya fi kowa rusa wannan hoto shi ne Paul McGrath. Manya a cikinku za su tuna shi. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mahaifiyarsa 'yar Ireland, a Dublin ya tashi. A 1989 Alex Ferguson ya sallame shi daga Manchester United. Gwiwoyinsa sun lalace, ana ganin ya gama yayi. Aston Villa ta ɗauke shi, mutane da yawa suna ganin kasada ce. Saboda gwiwar, ko atisaye sosai ba ya yi. Amma karatun wasa ya ba shi abin da ƙafa ta hana shi. A 1993 'yan wasan Ingila da kansu suka zaɓe shi gwarzon shekara. A Kofin Duniya na 1994 a Amurka, ya tsare Roberto Baggio, Ireland ta doke Italiya da ci ɗaya mai ban haushi. Baggion nan dai da ya zo ya fitar da Super Eagles a zagaye na biyu. Wannan ciwon kam har yau bai warke ba a wasu gidajen.

Shi O'Brien fa, musun nasa ya ƙare? Ina! Sabon salo ya ɗauka. Yanzu wasu na cewa ajiye shi a gefe ɓarna ce, ɗan tsakiya ne, a mayar da shi wurinsa. Wasu na cewa lamba biyu na gaskiya ya kamata ƙungiya ta saya, mai hawa yana bugo ƙwallo gaban raga. A Ireland ma ana tafka tasu, don Allah ya hore musu 'yan tsakiyar baya. Ga Nathan Collins na Brentford, ga Dara O'Shea, ga Andrew Omobamidele, wanda shi ma mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Wannan musun ina sonsa. Musu ne na waɗanda suka kalli wasa, suka ga inda yaron ya tsaya da inda ya makara. Ni a nawa ganin, tsakiya ce makomarsa, kuma watannin da ya yi a gefe yana fuskantar masu gudu za su amfane shi a can.

Masu sauraro, lokaci ya ƙure mana. Na san a cikinku akwai 'yan Arsenal, da 'yan United, da 'yan Chelsea, da 'yan Madrid da Barcelona masu cewa su ba ruwansu da Everton. Kowa ƙungiyarsa ta taɓa sayen ɗan bayan da aka yi wa dariya ranar farko, ko wanda aka yi wa guɗa ya zo ya ba da kunya. Ku tuno naku, ku aiko mana da sunansa da abin da kuka faɗa a kansa a lokacin. Kada a yi ƙarya fa, abokan zamanku na gidan kallo suna saurare, kuma ba su manta ba. Za mu karanta saƙonninku a shiri na gaba in Allah ya kai mu.